Bargon Tunawa: Yadda Guntayen Ƙyalle Ke Riƙe Sunan Wanda Ya Tafi

 

Idan aka yi rasuwa a gida, bayan an share makoki baƙi sun watse, akwai wata rana mai nauyi da ba a cika maganarta ba, wato ranar da za a buɗe akwatin mamaci. Ga rigar da Baba yake zuwa masallacin Juma'a da ita, ga zanin da Kaka ta goya kusan dukan jikokinta da shi, ga kallabin da ba a raba Inna da shi in za ta shiga kicin. Masu kyau a cikin kayan sukan shiga rabon gado, wasu a yi sadaka da su. To amma waɗanda suka tsufa fa, suka koɗe, har wuyansu ya cinye? Galibi sukan ƙare a matsayin tsumman goge ɗaki, ko su zauna a ƙasan akwati har asu ya gama da su. Bayan 'yan shekaru sai ka ga ƙaramin cikin yara, wanda aka bari yana rarrafe, bai da ko ƙyalle ɗaya da zai riƙe ya ce wannan na mahaifina ne.

A wannan mako zan kawo mana wata sana'ar hannu da mutanen wasu ƙasashe suka daɗe suna amfani da ita wajen magance wannan asara. Turawa suna kiran abin da ake ɗinkawa kwilt. Mu kira shi bargon guntaye, in kuwa don tunawa da wani aka yi shi, sai mu ce bargon tunawa.

Wane irin bargo ne wannan?

Bargo ne mai hawa uku. Hawan sama shi ne fuska, kuma guntayen ƙyalle ne da aka yayyanka aka harhaɗa su da ɗinki har suka zama shimfiɗa guda. Hawan tsakiya auduga ce ko wani abu mai taushi da zai riƙe ɗumi. Hawan ƙasa kuwa yadi ne guda, shi ne bayan bargon. Sai a bi da allura da zare a ratsa hawa ukun gaba ɗaya, layi bayan layi, domin kada audugar ta zame ta dunƙule a gefe guda. Wannan ɗinkin da ya ratsa ukun shi ne ya bambanta shi da zanin gado ko mayafi.

Sanyi da rashi ne suka yaɗa wannan sana'a a wurare da yawa. Iyalin da ba su da kuɗin sayen bargo, amma suna da tsofaffin tufafi da allura, dole su nemo dabara. Daga baya mutane suka lura cewa bargon da aka haɗa da tufafin mutum yana ɗauke da wani abu da na kanti bai da shi: duk guntun da ka kalla, sai ka tuna ranar da ka ga mai shi sanye da shi.

Matar da ta ɗinka kayan aikin mijinta

A jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, wanda kogin Alabama ya kusa zagaye shi. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin, shi ya sa da yawansu har yau suke amsa sunan Pettway, sunan iyalin da suka mallaki gonar. A da, talauci ya yi musu katutu, gidajensu na katako ne da iska ke ratsawa, don haka matan ƙauyen suka gaji ɗinkin bargon guntaye daga iyaye da kakanni.

Ɗaya daga cikinsu, Missouri Pettway, mijinta Nathaniel ya rasu bayan ya sha jinya. A shekarar 1942 ta tattara kayan da yake zuwa gona da su, wanduna da riguna, ta ɗinka bargo da su domin ta riƙa lulluɓa tana tunawa da shi. 'Yarta Arlonzia, wadda ta taya ta farke kayan tana daidaita su, ta ba da labari daga baya cewa dukan tufafin da mahaifin nata ya mallaka, da ƙyar suka isa bargo ɗaya. Wanda ya kalli hoton bargon zai ga inda yadin ya koɗe, da tabon da aikin gona ya bari. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba, domin su ne shaidar irin wahalar da mutumin ya sha wajen ciyar da iyalinsa.

Shekara da shekaru ba a cika sanin waɗannan mata a wajen yankinsu ba. Sai a 2002 aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, masana zane suka yi ta mamakin yadda matan da ba su taɓa shiga ajin koyon zane ba suka iya haɗa launi haka. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu daga cikin bargunan a kan sarki. Abin da aka ɗinka don maganin sanyi da kewa, ga shi ya zama abin alfaharin ƙasa.

Bargo mai nauyin tan 54

Mafi girman bargon tunawa a duniya shi ma a Amurka yake. A shekarun 1980 cutar ƙanjamau ta riƙa kashe mutane da dama a can, a lokacin da ba a samo maganin da ke kwantar da ita ba, kuma tsangwama ta yi yawa har wasu iyalai suna jin kunyar faɗin abin da ya kashe ɗansu. A 1985 wani mutum mai suna Cleve Jones a birnin San Francisco ya kawo shawarar a ɗinka wa kowane mamaci ƙyalle guda mai ɗauke da sunansa. Aka tsayar da girman kowane ƙyalle ƙafa 3 a faɗi, ƙafa 6 a tsawo, wato kimanin girman kabari. Iyaye da 'yan uwa da abokai su ne masu ɗinkin, wasu su sa rigar mamacin, wasu hularsa, wasu wani ɗan abin da yake so.

Ranar 11 ga Oktoba, 1987, aka shimfiɗa ƙyallaye 1,920 a babban filin da ke tsakiyar birnin Washington, aka riƙa karanto sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. A yau ƙyallayen sun kai kusan 50,000, suna ɗauke da sunaye fiye da 100,000, nauyinsu kuma ya kai kimanin tan 54. Abin da wannan bargo ya yi shi ne ya mai da lissafi zuwa mutane. In an ce maka mutum dubu sun mutu, kunnenka ne kawai ya ji. In ka tsaya a kan ƙyalle ka ga suna, ka ga ɗinkin da uwa ta yi da hannunta, zuciyarka ce za ta ji.

Akwai kuma labarin da ya fi kusa da shekarunku. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan sun kama Singafo, suka tsare mata da yara na ɓangaren Ingila a kurkukun Changi. Wasu 'yan mata ƙanana a cikin kurkukun suka riƙa tara guntayen ƙyalle a ɓoye, suka ɗinka wa shugabar ƙungiyarsu bargo, kyautar zagayowar ranar haihuwarta. Manyan matan su ma suka ɗinka barguna uku, kowanne mai gida 66, kowace mace ta ɗinka sunanta a nata gidan. An ce don majinyatan asibitin sojoji aka yi su, amma da bargunan suka isa sansanin da mazajen suke tsare, sai mutum ya duba ya ga sunan matarsa, ya san tana raye. Har yanzu waɗannan barguna suna nan a ajiye a Ostareliya da Ingila.

Mu ma hannunmu ya san wannan ɗinki

Kada wani ya ɗauka ɗinki mai hawa uku baƙo ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Kano, ko hawan salla a Katsina da Zariya, ya ga 'yan lifida. Lifidin nan da ake sa wa doki yadi ne biyu da aka cusa wa auduga a tsakiya aka bi da ɗinki, sau da yawa kuma fuskarsa guntaye ne masu launi daban-daban da aka haɗa. Kakanninmu sun yi shi don kare doki da mahayinsa daga kibiya. Dabarar ɗaya ce, amfanin ne ya bambanta.

Haka kuma a yankin Bengal, wato Bangaladash da gabashin Indiya, mata suna jera tsofaffin zannuwansu hawa-hawa, su bi su da ɗinki ƙanana a jere, su fitar da abin rufa mai laushi da suke kira kantha. Ba sa ma sa auduga. Wannan salon ya fi dacewa da yanayinmu, inda sanyin hunturu bai wuce 'yan watanni ba.

Kafin almakashi ya taɓa ƙyalle

Nan ne nake so mu tsaya mu natsu, domin a nan ne al'adarmu da addininmu suke da magana. Ba'amurke yana iya buɗe ɗakin mahaifinsa ya ɗebi riguna ya yanka. Mu a wurinmu, duk abin da mamaci ya bari, har hula da takalmi, dukiyar magada ce. Alƙur'ani ya yi bayanin rabon gado a Suratun Nisa'i, kuma a cikin surar ne aka yi kakkausan gargaɗi a kan cin dukiyar marayu. Don haka kyakkyawar niyya ba ta ba ka izinin ɗaukar zanin Kaka ka sa masa almakashi. Sai an raba, ko kuma magada sun yarda, in kuwa akwai ƙananan marayu a ciki, sai an nemi shawarar malami da waliyyinsu. 'Yan uwanmu Kirista ma, kowane gida yana da nasa tsarin, kuma neman izinin manya wajibi ne a ko'ina.

Abu na biyu, kada a yanka tufar da wani zai iya sawa. Rigar da take da sauran ƙwari, mabuƙaci ya fi bargo cancantarta, ladan sadakar kuma muna fata ya isa ga mamacin. Bargon tunawa na tufafin da suka gama aiki ne: zanin da tsakiyarsa ta mutu amma gefensa na nan, rigar da ta yage a kafaɗa amma gabanta lafiya lau.

Abu na uku, kada a ɗinka ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikin abin da za a kwanta a kai, a taka, a jefa a bahon wanki. Sunan mamacin da shekarunsa sun wadatar. Kuma bargo bargo ne, ba ya ba da tsari, ba ya ɗauke da wata albarka ta musamman. Amfaninsa ɗumi, da kuma tunatar da mai shi ya yi wa wanda ya tafi addu'a.

Inda sabon yadi yake shigowa

Wani zai ce, to in don tunawa ne, me ya kawo sabon yadi? Dalilai uku ne. Na farko, tsohon yadi ya yi rauni, in ba a haɗa shi da mai ƙarfi ba, bargon ba zai jure wanki ba. Na biyu, sau da yawa abin da ya rage na mamaci bai wuce riga ɗaya ko kallabi biyu ba, ga kuma 'ya'ya huɗu kowa yana so. In aka cika da sabo, riga ɗaya tana iya shiga barguna huɗu. Na uku, tufafin da suka koɗe in aka jera su su kaɗai, sai launinsu ya dushe ya zama abu guda. Sabon yadi ne yake tayar da su, kamar yadda ɗan gishiri yake tayar da miya.

Zaɓen sabon yadin shi ne wurin da basirarka za ta yi aiki. Ka yanki ɗan guntu daga tsohuwar tufar ka sa a aljihu, ka shiga kasuwa da shi. In a Kano kake, Kantin Kwari kaɗai ya isa ya ruɗa ido, amma ko rumfar mai atamfa ɗaya a kasuwar ƙauyenku ta wadatar. Ka riƙa ɗora guntun a kan turame kana ja da baya kana kallo. Kada ka nemi wanda ya yi kama da shi sak, domin za su haɗiye juna. Ka duba launin da ya fi ƙanƙanta a cikin tsohuwar atamfar, misali ɗan ɗigon ruwan ɗorawa a cikin shuɗi, ka nemi yadi mai wannan launin. Za ka ga ɗigon ya fito fili kamar yau aka buga shi.

Ga wasu ƙa'idoji da masu wannan sana'a suke bi. Atamfa mai manyan furanni tana son maƙwabci marar zane, irin shadda ko farin yadi, domin ido ya sami wurin hutawa. Haske da duhu sun fi launi muhimmanci: ka jera guntayenka a ƙasa, ka ari waya ka ɗauki hotonsu, ka mai da hoton baƙi da fari. In komai ya zama toka-toka iri ɗaya, to kana buƙatar ƙarin mai duhu ko mai haske. Kuma launi uku ko huɗu sun isa bargo guda, in suka wuce haka sai hayaniya ta yi yawa.

Sabon yadi yana iya ba da labarin da tsohon bai bayar ba. In marigayin manomi ne, kore da ruwan ƙasa za su tuna da shi. In marigayiyar mai son shuɗi ce, guntun yadin da aka rina da baba, irin na marinar Ƙofar Mata, zai dace. Su kansu zane-zanen atamfa suna da tarihin yawo: daga salon rini na tsibirin Java a Indunusiya Turawan Holan suka kwaikwayo su, kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846 yana cikin waɗanda suka yi suna da su, matan Afirka ta Yamma kuma suka karɓe su suka mai da su nasu. Ke nan ko atamfar da kake yankawa, haɗin hannun ƙasashe ce.

Wanda bai da kuɗin sayen yadi kada ya karaya. Kowane shagon tela yana share guntayen sababbin yadi kullum, musamman gab da salla da lokacin bukukuwa. Ka je da ladabi, ka gai da mai shagon, ka faɗa masa abin da za ka yi. Da yawansu za su cika maka leda kyauta. Haka ragowar ankon biki da ke cikin akwatin Mama ko Yaya, a roƙa, kada a ɗauka.

Gargaɗi ɗaya: a wanke sabon yadi kafin a yanka. Yadin auduga yakan ɗan tsuke a wankin farko, tsohon kuwa ya riga ya gama tsukewarsa, don haka in aka haɗa su ba a wanke ba, bargon zai tattare. Wata atamfar kuma tana zuba. Ka jiƙa gefenta ka goga da farin ƙyalle, in launi ya fito, ka ci gaba da wankewa har ruwan ya fita fes, in ta ƙi dainawa ka ajiye ta. Babu baƙin cikin da ya kai jar atamfa ta zuba a kan farar rigar da ita kaɗai ta rage.

Yadda za a ɗinka na farko

Kayan aiki ba su da yawa: almakashi mai kaifi, allura, zare mai ƙarfi, tef na awo, alli ko fensir, kwali, fil, da dutsen guga. Keken ɗinki yana sa sauri, amma hannu ma yana yi.

Ga lissafin bargon mutum ɗaya. Ka yanki kwali mai kusurwa huɗu daidai, inci 6 da rabi kowane gefe. Shi ne ma'auninka. Ɗinki zai ci kwatan inci a kowane gefe, don haka kowane gida zai tsaya a inci 6. In ka jera gida 7 a faɗi, 10 a tsawo, kana buƙatar gida 70, bargon kuma zai fito inci 42 a faɗi, inci 60 a tsawo. In za ka riƙa sa tsoho ɗaya sabo ɗaya kamar allon dara, 35 ke nan na tsoho, 35 na sabo. Atamfa tana da faɗin inci 45 ko ɗan fiye, don haka yadi ɗaya da rabi zai ba ka gida 48, ya isa har da saura. Bayan bargon kuma yadi biyu. Ashe dai lissafin da muke gudu a aji yana da ranarsa.

1. A wanke tsofaffin tufafin a hankali, a shanya a inuwa, a goge. A ɗaga kowanne a hasken rana, inda haske ya ratsa da yawa ya mutu, a kauce masa. In guntun yana da muhimmanci amma ya yi rauni, a sa masa shafi ta baya, ko gam irin wanda teloli suke sa wa wuyan riga.

2. A ɗora kwalin a zana a yanka. A nemi wuraren da ke da labari: aljihu, aikin wuya, gefen zani mai rubutu. Amma a cire maɓalli da zif da duk abin da zai soki mai barci.

3. A shimfiɗa tabarma a jera gidajen 70 a kai. A canza musu wuri har sai ido ya gamsu. Wannan matakin bai son gaggawa, a bar shi ya kwana in da hali.

4. A haɗa gida biyu fuska da fuska, a ɗinka gefe ɗaya. A ci gaba har layi mai gida 7 ya cika. In layuka 10 sun kammala, a goge bakin ɗinkin ya kwanta, sannan a haɗa layukan, ana lura kusurwoyi su haɗu.

5. A shimfiɗa yadin baya, fuskarsa tana kallon ƙasa. A ɗora tsohon bargo marar kauri ko zannuwa biyu a kai, sannan fuskar da aka haɗa. A miƙe su sosai a kama da fil.

6. A fara ɗinkin da zai ratsa hawa ukun daga tsakiya zuwa gefe, domin tattara ta gudu waje. Tazarar layi da layi kada ta wuce faɗin tafin hannu. Wanda ya ga abin ya yi masa yawa, ya ratsa zare mai kauri a kowace kusurwa ya ƙulla, shi ma yana riƙewa.

7. A naɗo ragowar yadin baya zuwa gaba a yi kalmasa a zagaye. Daga ƙarshe a ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya, a rubuta da zare sunan wanda aka yi dominsa, da sunan wanda ya ɗinka, da shekara. Da yawa daga cikin tsofaffin bargunan da ke gidajen tarihi ba a san masu ɗinkinsu ba, saboda wannan ɗan ƙyallen da ba a sa ba.

In kana haɗa gida 5 a rana, mako biyu sun ishe ka gama fuskar. In kun haɗu ku uku ko huɗu, wannan yana yanka, wancan yana ɗinki, wata tana guga, kafin hutu ya ƙare kun gama. Samari kuma kada ku ce wannan aikin mata ne. Ku leƙa shagunan ɗinki na unguwarku ku ƙirga su wa ke kan keke, sannan ku tuna su wa suke aikin babbar riga da allura.

Ranar miƙa kyauta

Bargon tunawa kyauta ce mai nauyi, tana buƙatar hankali wajen bayarwa. Kada ka yi wa mutum ba-zata da tufafin mahaifiyarsa. Wani yana son ganinsu kullum, wani kuwa ko ƙamshin turarenta ya ji sai ciwon ya dawo sabo. Ka tambaya tun kafin ka fara, kuma in an ce a'a, ka karɓa da zuciya ɗaya. In rasuwar ba ta daɗe ba, a jira. Sannan a miƙa shi a keɓe, ba a tsakiyar taro ba, domin mai karɓa ya sami damar yin kuka in kukan ya zo. In ya ninke ya sa a akwati bai lulluɓa ba, kada ka ji haushi, wata rana zai buɗe.

Wanda ya fi buƙatar irin wannan kyauta, a ganina, shi ne ƙaramin yaron da bai yi wayo da iyayensa ba. In ke ce babba a ɗakinku, ko kai ne yayan marayu, kun riƙe abin da ƙannenku ba su da shi, wato tuna fuska da murya da halaye. Bargon zai ba ku hanyar miƙa musu. Yaro zai nuna gida ɗaya ya ce wannan fa, sai ki ce wannan zanin ta ɗaura ranar sunanka. Daga nan labari ya buɗe, daga labari sai addu'a.

Kuma ba dole sai an mutu ba. Kaka tana raye, ku roƙe ta tsofaffin zannuwanta, ku zauna kusa da ita kuna yanka tana ba ku tarihin kowanne, ku ɗinka ku mayar mata kafin sanyi ya shigo. 'Yan ajin ƙarshe kuma, maimakon ɓata rigunan makaranta da biro ranar gama jarrabawa, ku bar masu kyau ga ƙanne, ku tara waɗanda suka tsufa, kowa ya ɗinka sunansa a gida ɗaya, ku haɗa ku ba malamin da ya fi wahala da ku. Aji mai ɗalibi 70 ya riga ya cika lissafinmu.

Aikin wannan mako ƙarami ne. Ku nemo guntaye huɗu, biyu tsofaffi biyu sababbi, ku yanka da ma'aunin kwalin nan, ku haɗa su. In kusurwoyin huɗu sun haɗu a tsakiya, hannunku ya kama hanya. In ba su haɗu ba, ku farke ku sake, da haka kowane tela ya fara. Wanda ya gama ya nuna wa malamin sana'ar hannu na makarantarsu, ya kuma rubuto mana yadda ta kaya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya raya marayun da suka bari, mu kuma ya ba mu sa'ar karatu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.